Wasannin Almara Na Kwamfuta: Wa Ya Fi, Ko Ƙane?

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a Abuja ya san irin yaron nan da ba ya iya zaman minti 40 a kan benci sai ya yi ta mutsu-mutsu, amma in ya koma gida ya zauna gaban kwamfuta sai ya yi sa'a biyar bai ko ɗaga kai ba. A kira shi cin tuwo, bai ji ba. A sake kira, ya ce ga shi nan tafe, har tuwon ya huce. Mu malamai mun saba mu ce shiririta ce, mu wuce. To, amma abin da ya iya riƙe hankalin yaro sa'a biyar ya isa a tsaya a dube shi, ko don mu san abin da mu ke ja da shi.

Wasannin kwamfuta iri iri ne. Wanda aka fi sani a gidajen gem na Kubwa da Nyanya da Gwagwalada shi ne na ƙwallon ƙafa, domin a can ana biyan kuɗi ne wasa wasa, minti goma an gama, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Ba a kan wannan za mu yi magana ba. Akwai wani iri dabam wanda ba a gama shi a zama ɗaya, ko a mako ɗaya. A cikinsa mutum ya kan shiga rigar wani jarumi ne, ya zaɓa masa suna da kabila da sana'a, ko mayaƙi, ko ɓarawo, ko mai sihiri. Sa'an nan a sake shi cikin wata ƙasa ta almara wadda babu ita a duniya, ya yi ta yawo, yana magana da mutanenta, suna aikensa, yana yaƙi, yana ƙara gwaninta. Watau tatsuniya ce, sai dai mai sauraro shi ne Gizon da ke ciki. Irin wannan wasa sai mai na'urarsa a gida, kuma sai in ba a ɗauke wuta ba.

Masu yin waɗannan wasanni, in ɗaya ya karɓu, su kan yi masa ƙane, bayan 'yan shekaru kuma su yi wa ƙanen ƙane. Kusan kullum ƙanen ya kan fi wansa kyaun hoto da daɗin sarrafawa, domin na'urori suna ƙara ƙarfi ko wace shekara. Duk da haka gardama ba ta ƙarewa tsakanin masu wasa a kan wanne ya fi haɗiye mutum, kuma sau da yawa za ka ji sun ce wan ne, mai tsohon hoto. Dalilin wannan shi ne abin da na ke so mu bincika.

Kafin mu shiga, akwai kalmomi biyu da ya kamata mu raba, domin a kan haɗa su. Ta farko nutsewa, watau mutum ya manta da kujerar da ya ke kai, ya ji kamar shi ne a cikin ƙasar. Ta biyu yanayi, watau abin da wuri ke sa mutum ya ji a ransa tun wani abu bai faru ba. Wanda ya shiga kasuwar Wuse da tsakar rana, sa'an nan ya je ya tsaya a titunan ma'aikatun gwamnati ran Lahadi da sassafe, ya san gari ɗaya ne amma yanayi biyu. Wasa ya kan sami ɗaya ya rasa ɗaya.

Mu Hausawa muna da misalin wa da ƙannensa a cikin akwatin littattafan ko wace makaranta, watau Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, littafi uku. A na ɗaya Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, ɗan sarki Musa kuwa ya matsa sai ya fita ya bi dakaru. In ya fita ya hallaka. Saboda haka ko wane dare aku ya kan tsare shi da labari har gari ya waye. A na biyu aku ya riga ya zama Waziri, ana gasar ba da labari tsakaninsa da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuwa yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Labaran da ke cikin na biyu da na uku ba su gaza na ɗaya daɗi ba, waɗansunsu ma sun fi gwaninta. Amma ku tuna yadda ku ke ji sa'ad da ku ke karanta na ɗaya. Ko wane labari akwai ran yaro rataye a jikinsa, in labarin ya yi sanyi Musa ya tashi ya fita. Mai karatu yana jin labarin da kunne ɗaya, ɗaya kunnen yana bakin ƙofa. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Wasannin da za mu gwada su ne na wani kamfani mai suna Bethesda, a jihar Maryland ta Amurka. Sunan zuriyar duka The Elder Scrolls. Na fari ya fito a 1994, na biyu a 1996, amma waɗanda a ke gardama a kansu su ne na uku, Morrowind, 2002, da na huɗu, Oblivion, 2006, da na biyar, Skyrim, 2011. Duniya ɗaya ce, ko wanne ya ɗauki lardi ɗaya daga cikinta. Mutum ɗaya ne ma ya tsara kiɗan duka ukun, Jeremy Soule. Saboda haka gwada su ya yi daidai, kamar gwada 'ya'yan ɗaki ɗaya.

A Morrowind mutum ya kan farka ne a cikin jirgin ruwa, ɗan sarƙa, ba a gaya masa laifinsa ba. A sauke shi a wani ɗan ƙauyen fadama mai suna Seyda Neen, a tsibirin Vvardenfell, a rubuta sunansa a ofishin ƙidaya, a ba shi wani ƙunshin takarda, a ce ya kai wa wani mutum a garin Balmora. Shi ke nan. Ba mai rakiya. In ya fito, abin da zai fara gani a bakin gari shi ne wani ƙwaro mai kama da ƙuma, tsawonsa kamar rimi, yana wani irin kuka mai ban tausayi, an fafe bayansa an yi wurin zama. Wannan ita ce motar haya ta ƙasar. Gaba kaɗan naman kaza ne ya yi tsawon itatuwa. A gabashin tsibirin masu sihiri ba sa gina gida, shuka shi su ke yi, ya tsiro ya zama hasumiya. A wani gari kuma manyan ƙasa suna zaune cikin ƙwaryar wata ƙatuwar ƙaguwa da ta mutu tun zamanin da. A tsakiyar tsibirin akwai dutse mai aman wuta, iska na kwaso tokarsa ta rufe gari, mutane na tafiya suna kare ido da hannu.

Mutanen ƙasar, waɗanda a ke kira Dunmer, masu launin toka ne da jajayen idanu, kuma ba sa son baƙo. Ko'ina ka shiga baƙo za a kira ka, waɗansu ma da zagi. Suna da manyan gidaje masu gaba da juna, uku daga cikinsu ne ke karɓar mutum, kuma in ka shiga ɗaya sauran biyun sun rufe maka ƙofa. Suna riƙe da bayi, sarautar da ta mallake su ba ta so, amma ta kau da kai saboda yarjejeniya. A cikin hamadar toka akwai makiyaya masu zama a tanti, su kuwa ba ka faɗa wa tantin shugabansu haka kawai. Sai ka nemi na ƙasa da shi ya yi maka iso, ka san abin da za ka faɗa da abin da za ka miƙa. Bahaushen da ya taɓa neman ganin hakimi ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Har tarihin ƙasar ma ba baki ɗaya a ke ba da shi ba. Akwai wani tsohon jarumi mai suna Nerevar wanda labarin duka ya rataya a kan mutuwarsa. Masu ɗakin ibada suna da nasu zance, makiyaya suna da nasu, kuma har wasan ya ƙare ba a yanke maka wanda ya yi gaskiya ba.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne yadda a ke kwatance. In an aike ka, da baki za a gaya maka: ka fita ta ƙofar kudu, ka haye gada, ka bi hanya har ka ga alama, ka yi hagu, kogon yana bayan wani tudu. A rubuta maka a kundinka, sai ka kama hanya kana dubawa. Wani lokaci ka ɓata, wani lokaci ma mai kwatancen ne ya yi kuskure. Ku gwada da baƙo biyu da suka zo Abuja. Na ɗaya ya sauka a Zuba, aka ce masa ya shiga motar Berger, in ya sauka ya sake wata, in ya hango babban masallaci ya san ya kusa. Na biyu ya riƙe waya a hannu, kibiya na nuna masa dama da hagu har ƙofar gida. Na biyu zai riga isa. Amma bayan wata guda, a karɓe wayar, a ce su koma Zuba, kun san wanda zai iya. Na ɗaya dole ta sa ya dubi gari, garin kuwa ya shiga kansa. Haka Morrowind ke yi wa mai wasa. Har motocin hayarsa sai ka koyi tasha tasha, ka san inda ƙwaron nan ya ke tsayawa, da inda za ka sauka ka shiga jirgin ruwa.

Akwai kuma wata dabara da rashin ƙarfin na'ura ya haifar. Kwamfutocin 2002 ba sa iya zana abu mai nisa, sai aka rufe nesa da hazo. Tsibirin ba shi da girman kirki, amma da ya ke ba ka ganin gabanka, ga shi kuma jarumin yana tafiyar hawainiya da fari, sai ka ɗauka ƙasa ce marar iyaka. Mazauna Abuja sun san wannan a watan Janairu, sa'ad da hazon hunturu ya haɗiye Dutsen Aso, unguwar da ka sani sarai ta koma kamar ba ta da ƙarshe. Waɗanda suka yi wa wasan gyara daga baya suka ɗauke hazon, sai suka ga ashe gari yana hango gari.

Kada a ce na yi masa kara, Morrowind yana da aibu da yawa. Mutanensa a tsaye su ke wuri ɗaya dare da rana, ba sa barci, ba sa cin abinci. Yawancin maganarsu a rubuce ta ke, kuma mutum ashirin su kan ba ka amsa ɗaya ba bambancin ko wasali. Yaƙinsa da ƙuri'a ne a ɓoye, ka kai sara da takobi kana gani ya ratsa jikin ɓera, amma a ce ka kuskure. Ga waɗansu tsuntsaye masu naci da ke bin matafiyi, waɗanda duk wanda ya yi wasan ya tsine musu. Yaron da ya saba da wasannin yau ya kan ajiye shi tun bai kai Balmora ba.

Oblivion ya zo ne don ya gyara waɗannan. An ba ko wane mutum tsarin yininsa: ya tashi, ya buɗe kanti, ya je ɗakin ibada, ya ci abinci, ya kulle gida ya kwanta. An sa wa ko wace magana murya, har aka ɗauko mashahuran 'yan wasa na Ingila, Patrick Stewart ya yi muryar babban sarki, Sean Bean ya yi ta ɗansa. Sara in ya taɓa jiki ya ci. Ƙasar kuwa, Cyrodiil, dazuzzuka ne kore shar, da tafkuna, da barewa, da garuruwa masu ganuwa irin na Turai. Babban birninta zagayayye ne, farar hasumiya a tsakiya, unguwanni a kewaye kamar an yanka da wuƙa. Ya kan tuna mini da Abuja kanta, wadda aka zana a takarda bayan dokar 1976 kafin gwamnati ta tare a 1991: ga Garki, ga Wuse, ga Maitama, ga Asokoro, ko wacce a gurbinta. Akwai daɗin zama, akwai tsabta. Amma a tsofaffin rubuce-rubucen zuriyar an ce Cyrodiil kurmi ne mai zafi, sai ga shi ya fito kamar ƙasar da aka gani a fina-finan The Lord of the Rings, waɗanda suka fito daga 2001 zuwa 2003. Baƙuntar nan da ke sa mutum ya buɗe ido ta ragu ƙwarai.

Gyaran kuma ya zo da nasa ciwo. Masu muryar kaɗan ne, mutanen ƙasar kuwa ɗaruruwa, sai ka ji murya ɗaya a bakin dogari da maƙeri da ɗan fashi. Almajiri mai bara ya kan fara maka magana da muryar tsoho mai rauni, ka tambaye shi labarin gari sai ya amsa da muryar attajiri. Mutum biyu su haɗu a hanya su yi taɗin da bai haɗu ba, su rabu. Rubutu a allo ba ya ƙarya irin wannan, domin mai karatu shi ke sa masa murya a kansa. Ashe ƙara kama da gaskiya ya kan ƙara tona inda ba a kai ba.

Babban kuskurensa shi ne da aka sa duniya ta riƙa girma tare da mai wasa. In kai ƙarami ne, duk abokan gaba ƙanana ne, ko'ina ka shiga. In ka yi ƙarfi, su ma su yi. Har ta kai ka ga ɗan fashin kan hanya sanye da sulken da kuɗinsa ya isa sayen gida, yana tare ka don 'yan kuɗi kaɗan. Nufin masu wasan kada kowa ya sha wuya ne. Amma abin da ya haifar shi ne mai wasa ya gane cewa ƙasar ba ta da wani zama nata, shi ta ke kallo ta sake kama. A Morrowind akwai kogon da in ka shiga da wuri ka mutu nan take, ka tafi ka yi wata guda kana ƙara ƙarfi, ka komo ka rama. A nan kuma aka kawo kibiyar nan mai nuna hanya, aka kuma yarda mutum ya taɓa gari a taswira ya gan shi a can, tun ranar farko.

Yanzu mu komo ga Musa da aku. A Morrowind, mutumin da ka kai wa takarda a Balmora, wani tsoho ne marar riga mai fakewa da shaye-shaye, alhali kuwa shi ne shugaban 'yan leƙen asirin sarki. Ya dube ka ya ga ba ka isa kome ba tukuna, ya ba ka kuɗi 200, ya ce ka je ka nemi sana'a ka san gari, ka komo in ka yi ƙwari. Watau labarin da kansa ya ba ka izinin yawo, yawonka kuwa ya zama cikin labarin. A Oblivion an kashe sarki, ƙofofin wata duniyar aljannu sun buɗe, garin Kvatch yana cin wuta, kowa na cewa ka yi sauri. Amma in ka ga dama ka tafi tsinkar furanni wata uku, wutar tana nan tana jiranka, ba ta ci gaba ba, ba ta mutu ba. Da Musa ya gane cewa ba kowa a bakin ƙofa, kuma yaƙin ba zai motsa ba sai ya zo, da aku bai riƙe mu ba ko dare ɗaya.

Inda Oblivion ya yi fice shi ne ƙananan labarai. Akwai mai zane da ya ɓace a cikin hoton da ya zana, ka shiga neman sa ka tarad da itatuwa da sama duk shafin fenti ne. Akwai gidan da aka kulle ka da baƙi biyar suna neman dukiya, ba su san kai ne aka aiko ka kashe su ɗaya ɗaya ba, suna ta zargin juna suna kawo maka ƙara. Waɗannan sun fi kusan duk aiken da ke Morrowind gwaninta, kamar dai labaran littafi na biyu da na uku. Har yau yana da masoya, shi ya sa aka sabunta hotonsa aka sake fitad da shi a watan Afrilu na 2025.

Skyrim ya fito ran 11 ga Nuwamba, 2011. In yanayi a ke magana, a ganina ba wanda ya kama ƙafarsa cikin ukun. Ƙasar sanyi ce ta duwatsu da dusar ƙanƙara, shekara 200 bayan abin da ya faru a Oblivion, ana yaƙin basasa, dodanni masu fuka-fuki da aman wuta sun komo. Ka tsaya a fili da dare ka ji iska na kuka, ka ga wani haske kore yana rawa a sama irin wanda a ke gani a ƙasashen arewa mai nisa, ga ƙattai can suna kiwon giwaye masu gashi a bakin wuta, kiɗa na tashi a hankali kamar ba ya so ya dame ka. Akwai wani babban dutse da a ke hangowa daga kusan ko'ina, yana yi wa matafiyi aikin da Dutsen Zuma ke yi wa mai zuwa daga Kaduna: da ka gan shi ka san inda ka ke. Duwatsun kuma sun sa hanya ta yi ta karkata, wuri na kusa ya yi nisa, watau sun yi aikin da hazo ya yi a Morrowind.

Sun kuma ƙware wajen ba da labari ba da baki ba. A bakin tekun arewa akwai wata hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Ka shiga ka tarad da gawa da jini, da kayan abinci a kan tebur. Ka bi ɗaki ɗaki kana tsintar abin da mutanen gidan suka rubuta: mata da miji ne da suka tara kuɗi suka sayi wurin don su huta, 'ya'yansu biyu ba sa son zaman, ana ta jin wani ƙaraf ƙaraf daga ɗakin ƙasa, uban ya ce ɓeraye ne. Ba wanda ya aike ka, ba wanda ya gaya maka kome, kai ka haɗa labarin, kuma kai za ka yanke ko za ka sauka ɗakin ƙasan.

Amma wajen nutsewa yana da rami. Fannonin gwaninta da su ke 27 a Morrowind, suka koma 21 a Oblivion, a nan sun zama 18, wannan ma ba laifi ba ne sosai. Laifin shi ne arahar girma. A Morrowind ba a ƙara maka muƙami a ƙungiya sai gwanintarka ta kai. A Skyrim mutum ya kan zama shugaban makarantar masu sihiri alhali sihirin da ya iya bai taka kara ya karya ba. Ya ƙara da shugabancin mayaƙa, da na ɓarayi, da na masu kisan gilla, duk shi kaɗai. Sa'an nan ya zo ƙofar gari, dogari ya yi masa magana kamar wani ɗan aike, ya kuma ba shi labarin nan na kibiyar da ta same shi a gwiwa, wanda dogarai da yawa a garuruwa dabam dabam su ma suka ba shi. A wace masarauta mutum ɗaya zai riƙe Madawaki da Sarkin Malamai da sarkin ɓarayi, dogarin ƙofa bai ko rusuna ba?

Ga wani gwaji da mai na'ura zai iya yi. A ɓoye kibiyar mai nuna hanya a Skyrim, a karɓi aike. Sau da yawa sai mutum ya tsaya cik, domin wanda ya aike shi bai yi masa kwatance ba, ya dai ce ya sa masa alama a taswira. Dalilin a fili ya ke. Rubutu araha ne, marubuci na iya ƙara layi biyar na kwatance da alƙalami kawai. Murya kuwa sai an biya mai yi, a ɗauka, a kuma sake ɗauka cikin waɗansu harsuna. Skyrim yana da layin magana wajen 60,000 da masu murya sama da 70, duk da haka dole a taƙaita. In kuma aka matsad da kogo bayan an ɗauki murya, kwatancen ya lalace, kibiya kuwa sai ta bi kogon da kanta. Ga kuma ciniki. Morrowind ya sayar da sama da miliyan 4 zuwa 2005, Skyrim kuwa, bisa ga faɗar shugaban aikin, Todd Howard, a 2023, ya wuce miliyan 60. Mai sayarwa ga jama'a irin wannan ba ya so ko mutum ɗaya ya ɓata a hanya ya yi fushi.

Girman ƙasa ba ya cikin lissafi. Na biyu a zuriyar, Daggerfall, masu shi sun ce faɗinsa ya kai na Birtaniya, da wurare wajen 15,000, amma na'ura ce ta zuba su, gari kamar gari, ba mai tuna ko ɗaya. Ba kuma kullum wa ke fin ƙane ba. A zuriyar The Witcher ta ƙasar Folan, na uku, wanda ya fito a 2015, ya shafe yayyensa na 2007 da 2011, da fadamunsa da yaƙi ya cinye, da matattu rataye a itatuwa, da talakawan da ba su damu da wanda zai ci yaƙin ba. A Dragon Age na Kanada kuwa, na biyu da aka yi cikin gaggawa ya fito a 2011, aka riƙa maimaita kogo ɗaya ana sake masa suna, masu wasa suka gane nan da nan. A nahiyarmu ma an taɓa, wani kamfani na Yawunde a Kamaru, Kiro'o Games, ya fitad da Aurion a 2016, da sarki da sarauniya da aka yi wa juyin mulki ran bikinsu.

Malamin da iyaye za su tambaya ya kamata ya san wani abu guda. Hukumar da ke sa wa wasanni shekaru a Amurka ta sa Morrowind ga mai shekara 13 zuwa sama. Oblivion da fari haka aka sa masa, amma a 2006 aka ɗaga shi zuwa 17, Skyrim ma 17 ne, saboda jini da sare kai da giya. Ba na 'yan firamare ba ne, ko da wansu ya bar na'urar a kunne.

Dole kuma in faɗi wata gaskiya da masu gardama ba sa so. Rabin abin da a ke kira fifikon wa, ƙuruciyar mai maganar ce. Wanda ya fara da Morrowind yana ɗan shekara 14 ba wasan kaɗai ya ke tunawa ba, har da hutun makaranta da ɗakin da ya zauna. Wanda ya fara da Skyrim haka zai ce game da na shida, wanda aka sanar tun 2018 za a yi. Masu wasan sun san da wannan sarai. A watan Disamba na 2012 suka ƙara wa Skyrim wani tsibiri mai suna Solstheim, wanda ke kusa da ƙasar Morrowind. A cikin labarin dutsen nan mai aman wuta ya riga ya fashe ya hallaka Vvardenfell, ana hango hayaƙinsa a ƙetaren teku, toka ta rufe kudancin tsibirin, tsohon kiɗan 2002 na tashi. Can a gefen hanya ga ƙwaron hayar nan guda ɗaya, ta tsufa, mai ita na zaune kusa da ita yana cewa tana cikin na ƙarshe da suka rage, ba ta iya ɗaukar kowa. Yaron da ya fara da Skyrim ya kan dube ta ya ce wannan wace irin dabba ce, ya bi kibiyarsa ya wuce. Wansa kuwa ya kan ajiye abin sarrafawa a cinya, ya jira ta yi kukan nan.